Wane Girman Tamfol Ya Dace da Gadon Lilo a Kwanan Daji?

Tambaya: Malam, aikina yana kai ni daji, wani lokaci in kwana biyu ko uku a can. Na sayi gadon lilo, irin na yadi da ake ɗaurawa tsakanin bishiyoyi biyu, don gudun danshin ƙasa da kunamu. Ga damina ta kawo kai, kuma na tarar da tamfol iri-iri a kasuwa. Abokaina sun ce in sayi wanda ya fi kowanne girma in huta. Wanne ya kamata in ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi dabara da ka bar kwanan ƙasa. Sai dai gadon lilo ba shi da rufi, don haka duk daren da hadari ya taso, tamfol ɗin nan shi ne ɗakinka. Shawarata ita ce kada ka fara da kasuwa, ka fara da awo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a shimfiɗa gadon a ƙasa, a auna shi, a tafi neman tamfol da wannan awon. Gadon lilo ba ya zama a miƙe idan an rataye shi. Yana lanƙwasawa, kuma lanƙwasar ce ke sa mutum ya kwanta a karkace bayansa ya huta. Idan igiyoyin sun sauko daga bishiya da karkata ta wajen digiri 30, wanda shi ne ratayen da masu wannan harka suka fi amincewa da shi, tazarar da ke tsakanin bakin gadon biyu takan koma kusan kashi 83 cikin 100 na tsawon yadin. Ke nan gado mai mita 3.35, wato ƙafa 11, yakan tsaya a wajen mita 2.8. Mai mita 3 kuwa yakan tsaya a wajen mita 2.5. Wannan tazarar ita za ka rufe.

Ka rataye gadonka a gida ko a gona, ka auna daga ƙulli zuwa ƙulli. Sai ka ƙara santimita 20 zuwa 30 ta wajen kai, ka ƙara kamar haka ta wajen ƙafa. Abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin tsawon tamfol ɗinka a kan igiyar tsakiya, wato igiyar da ake ɗaurawa tsakanin bishiyoyin biyu a ɗora tamfol a kanta. Gado mai ƙafa 11 yana son tamfol mai ƙafa 11, idan kuma kana son sakin jiki ka ɗauki mai ƙafa 12, wato mita 3.65. Gado mai mita 3 tamfol mai mita 3 ya ishe shi. Wannan 'yar rarar da ke kowane baki ita ke tare ruwan da iska ke turowa a karkace. Wanda ya yi rowarta, kansa ko ƙafarsa ne zai jiƙe.

Me ya hana mafi girma? Abu uku ne. Na farko, bishiyoyi. Tazarar da ta fi dacewa da gadon lilo ita ce mita 4 zuwa 5. Tamfol da ya kai tsawon tazarar ba zai ɗame ba, zai yi ciki, ruwa ya taru a kai. Na biyu, iska. Duk faɗin da ka ƙara, ka ƙara wa iska wurin kamawa, kuma turakunka ne za su biya. Na uku, nauyi, musamman idan a ƙafa kake tafiya kuma tamfol ɗin irin mai kaurin nan ne na rufe buhunan hatsi.

Bayan tsawo sai siffa da faɗi, kuma a nan yanayin wurin da za ka shi ke yanke hukunci.

Mai kusurwa huɗu daidai wa daida, mita 3 ta kowane gefe, shi na fi ba mai farawa shawarar saye, domin ana kafa shi hanya biyu. Idan ka ɗora tsakiyarsa a kan igiya kamar rufin jinka, kana da tsawon mita 3 da bango mai mita 1.5 ta kowane ɓangare. Idan kuma ka juya shi ka ɗaure kusurwa biyu masu kallon juna a bishiyoyin, tsawonsa ya koma mita 4.2, turaku biyu kacal kake buƙata. Amma ka lura, wannan kafi na biyu yana tsukewa daidai wajen kai da ƙafa. Ya yi wa raɓa da yayyafi da inuwa, bai yi wa ruwa mai iska ba.

Mai kusurwa shida an yanke masa kusurwowin da ba su da amfani sosai, don haka ya fi sauƙin ɗauka, yana kuma ɗamewa da kyau. Ka nemi wanda faɗinsa ya doshi mita 3. Akwai kuma mai ƙofofi, wanda ake rufe bakinsa biyu ruf. An yi shi ne don hunturun ƙasashe masu ƙanƙara, amma zai amfani mai kwana a wurare masu sanyi da iska kamar tsaunin Mambila. A dajin da ke da zafi kuwa, ƙofofin za su hana ka iska ne kawai.

Girma ba ya wadatarwa sai da iya kafi. A ƙasarmu hadarin damina daga gabas ya fi tasowa, da guguwa a gabansa. Saboda haka ka zaɓi bishiyoyi biyu, ɗaya kudu ɗaya arewa, yadda bangon tamfol zai fuskanci gabas. Idan buɗaɗɗen bakin ne ya kalli iska, ruwa zai ratsa har inda kake. Idan gari garau ne, ka ɗaga igiyar tsakiya sama, ka tokare gefe ɗaya da sanduna biyu ka sha iska. Da ka ga gabas ta yi baƙi, ka sauke igiyar har ta kusa taɓa gadon, ka ja gefen gabas ƙasa sosai, ka kafa turakun a karkace, kansu yana kallon waje. Ƙaramin tamfol da aka sauke ƙasa ya fi babba da aka bari a sama.

Akwai wani ruwan da tamfol ba ya tarewa komai girmansa: wanda ke gangarowa daga jikin bishiya, ya bi igiyar gadon har cikin yadin. Maganinsa ɗan guntun igiya ne kamar na takalmi. Ka ƙulla shi tam a jikin igiyar gadon, a ƙarƙashin inuwar tamfol, tazarar ɗani ɗaya kafin yadin, ka bar wutsiyarsa tana reto. Ruwan da ya iso ƙullin sai ya bi wutsiyar ya ɗiga ƙasa. Ka yi haka a ɓangarorin biyu.

Ranar sayayya ka tafi da tef ɗin awo. Sau da yawa girman da aka rubuta a leda na yadin ne kafin a yi masa kalmasa, don haka yakan gaza da 'yan santimitoci. Ka ɗaga shi ga rana ka duba ɗinkin tsakiya, ka ja zoben kusurwa ka ji ƙarfinsa. Idan zobe ya yage a daji, ka sa ɗan dutse mai santsi a cikin kusurwar, ka naɗe shi, ka zarga igiya a wuyansa, zai riƙe. Ka sani kuma yadin nailan yana saki idan ya jiƙe, sai an sake ɗame shi cikin dare, amma na foliyesta bai cika yin haka ba.

Kafin ka ɗaura komai, ka ɗaga kai ka duba. Kada ka kwana a ƙarƙashin busasshen reshe, kada kuma ka zaɓi doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili lokacin tsawa. Tamfol ba ya hana sauro, don haka gidan sauro dole ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kafa gadon da tamfol ɗin a gida, ka kwanta a ciki, wani ya watsa ruwa da bokiti ta gefe da ta baki. Inda ka ji danshi, nan ne gyara yake. Idan gadonka bai wuce mita 3 ba, ka sayi mai mita 3 ta kowane gefe. Idan ya kai ƙafa 11, ka nemi mai tsawon mita 3.35 zuwa 3.65 da faɗin da ya doshi mita 3. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.