Wasiƙa Zuwa ga Samarin Karaye da Rogo Game da Amanar Gidauniya

Ya ku 'ya'yana, na yi farin ciki matuƙa da himmar da ta taso a zukatanku ta kafa gidauniya domin raya abin da ya saura na ganuwa da tsofaffin masallatai da zaurukan magabata, domin ƙasar da Tarihin Kano ya ambace ta tun zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, lokacin da Wambai Giwa ya zauna a Karaye ana fafatawa da Katsinawa, ba ta cancanci a bar alamominta damina tana narkar da su kowace shekara ba. Tun da kuma dokar masarautu ta 2024 ta haɗa Karaye da Rogo a masarauta guda, wajibin ya hau kanku baki ɗaya.

Amma ku sani, ranar ƙaddamarwa tana da ruɗi. Idan an kafa rumfuna, manyan baƙi sun hallara, maroƙa suna kirari, mai gabatarwa yana shelar miliyoyi ta lasifika, sai zuciya ta ɗauka an gama aiki, alhali mafi yawan abin da aka ambata alkawari ne, kuma sau da yawa mai alkawari yakan manta da shi kafin ƙurar motarsa ta kwanta. Allah Maɗaukakin Sarki ya yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara. To, ku yi koyi da wannan hikima, ku tanadi magatakarda da zai rubuta sunan kowa da adadinsa nan take, ku kuma naɗa dattawa masu mutunci waɗanda za su bi alkawuran cikin ladabi kafin zafinsu ya huce.

Kafin ku buga katin gayyata ma, ku fara zama da magina na gargajiya, su duba ginin, su ƙiyasta tubali da azara da makuba da ladan ma'aikata, domin mutum ya fi sakin hannu idan aka ce masa ga bangon da za a tayar, ga kuma kuɗinsa. Kada ku yarda a shafe ginin ƙasa da siminti da sunan gyara, saboda yana tsare danshi a ciki har bango ya ruɓe ba a sani ba. Ku sa taron a lokacin kaka, sa'ad da manomi yake da masara da dawa a rumbu, ku karɓi buhunsa da irin girmamawar da kuke karɓar cekin attajiri, aikin kuwa a kammala shi kafin saukar ruwa. Mutanen Jenne a ƙasar Mali suna fitowa gayya kowace shekara su yaɓe masallacinsu wanda aka sake ginawa a 1907, don haka wanda ba shi da ko sisi, ku rubuta ƙarfinsa cikin gudummawa.

Abin da ya fi damuna shi ne israfi. Haramun ne a ganina hayar kujeru da abincin baƙi su cinye dukiyar da aka tara da sunan sadaka mai gudana. Ku nemi wanda zai ɗauki nauyin walimar daban, kuɗin gidauniya su shiga banki da sa hannun mutum uku, ma'aji kuma ya karanta lissafin shiga da fita a gaban jama'a, da iznin fada, duk bayan wata uku, har ranar da magina za su sauko.

Wassalamu alaikum. Naku, mai ƙaunarku saboda Allah.