Rigar Yaro, Aikin Wa?

Karatu: 1 Sama'ila 2:18-19

A 2008 dokar ilimi ta Gana ta sa shekara 2 na ajin share fage, wato KG, cikin karatun tilas. Shi ya sa a Salaga, Yendi da Bawku ɗan shekara 4 yakan yi rabin yini a hannun malama. In ya fito daga bayan gida, wa zai ja masa wando? In sanyin hunturu ya lafa da hantsi, wa zai tuɓe masa rigar sanyi?

Iyaye da yawa sukan ce, "Ai aikin malama ne." Amma hannunta biyu ne, aji kuwa cike. Yaron da bai iya ba sai ya tsaya jira cikin kunya, wani ma ya jiƙa wandonsa domin maɓalli ya gagare shi.

Hannatu ta miƙa Sama'ila ga Eli, duk da haka kowace shekara ita take ɗinka masa 'yar riga. Ba ta saki nata aikin ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ku koya wa yaro a gida. Ku ɗinka masa wando mai roba. Ku bar shi ya gwada, ko da zai sa riga a baibai. Ɗaurin igiyar takalmi sai wajen shekara 6, kada ku tsawata masa.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba mu haƙurin koyar da 'ya'yanmu. Amin.