Darasin Sana'a: Ɗinkin Cushe na Tirafunto da Keken Ɗinki

Kasancewar birnin Jos yana kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200, sanyin hunturu ya sa bargo da shimfiɗa mai kauri sun zama wajibi a kowane gida. Sai dai galibin wannan ciniki yana hannun masu kayan gwanjo da barguna 'yan waje, alhali telolin unguwanni irin su Tudun Wada kan zauna jiran aiki da zarar Sallah da Kirsimeti sun wuce. Ɗinkin tirafunto na daga cikin hanyoyin da tela zai bi ya shiga wannan kasuwa.

Kalmar ta Italiyanci ce, kuma tana nufin ɗinkin da ake cusa auduga a ƙarƙashin wani sashen zane domin ya taso ya fi sauran jikin yadi tudu. Ɗaya daga cikin mafi tsufan irinsa shi ne bargon Tiristan da aka ɗinka a tsibirin Sisili a ƙarshen ƙarni na 14. Cushen auduga ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi, wanda har yau ake gani a jikin dawaki lokacin hawan Sallah.

A tsohuwar hanya, akan haɗa yadi da shafi, a bi gefen zane da ɗinki, a tsaga shafin ta baya, a cusa auduga da tsinke, sannan a ɗinke tsagar da hannu. Hanyar keke ta fi sauri. Da farko a wanke yadin domin kada ya motse daga baya, a zana fure ko dagi da alli. Sai a ɗora shimfiɗaɗɗiyar auduga mai kauri a bayan zanen, a bi layinsa da zare mai narkewa cikin ruwa; in babu shi, a yi dogon ɗinki mai saukin warwarewa. Daga nan a juya yadin, a datse duk audugar da ta fita wajen zane da ƙaramin almakashi. A nan ne ake yin hasara, domin kuskure ɗaya ya isa ya huda yadin mai kaya.

Bayan haka a shimfiɗa siririyar auduga da shafi a ƙarƙashin yadin baki ɗaya, a sauke haƙoran keke ko a rufe su, a sake bin zanen da zaren gaske. Sai a cike filin da ke kewaye da ɗinki kusa da kusa, domin gwargwadon kwanciyar fili, gwargwadon tasowar zane.

Ana shawartar mai koyo ya fara da rigar matashin kai ko shimfiɗar jariri kafin ya karɓi kayan ɗakin amarya. Haka kuma ya lissafa sa'o'in da aikin ya ci kafin ya yanke farashi, saboda a wannan ɗinki lokaci ya fi yadi tsada, kuma telan da ya yi ciniki da awon yadi kaɗai zai tashi da gajiya ba riba.