Darasin lafiya: jini magani ne, amma yana da doka

Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa. Ga ido, jini abu guda ne ja. Amma likitoci sun gano kashi huɗu a cikinsa.

1. Ruwan jini. Launinsa ruwan ɗorawa ne. Ya fi rabin jinin duka.
2. Jajayen ƙwayoyi. Su ke kai iska ko'ina a jiki.
3. Fararen ƙwayoyi. Su ke yaƙi da cuta.
4. Ƙananan ƙwayoyi masu tsai da jini. In wuƙa ta yanki manomi a gonar albasa, su ke taruwa su toshe wurin. Suna kuma taimakon rauni ya warke.

Allurar PRP

A manyan birane na duniya akwai wata allura da ake kira PRP. Likita yana ɗibar jinin mutum kaɗan a ƴar kwalba. Sai ya sa kwalbar cikin na'ura mai juyawa da sauri. Kamar yadda ake kaɗa nono mai ya fito, haka jinin ke rabuwa. Jajayen ƙwayoyi su kwanta ƙasa, ruwan jini ya taso sama. Likita ya ɗebi ruwan da ƙananan ƙwayoyi suka yi yawa a ciki, ya mayar wa mai shi ta allura. Ana yin ta don ciwon gwiwa, ciwon jijiya, da zubar gashi.

Tana magani?

Masu yin ta suna yabonta, kuma tana da tsada. Amma na'urori sun bambanta. Abin da wannan likita ya haɗa ba lalle ya yi daidai da na wancan ba.

A shekarar 2021 aka bayyana wani gwaji da aka yi a ƙasar Ostareliya. Mutum 288 ne masu ciwon gwiwa. An yi wa rabi allurar PRP, rabi kuma allurar ruwan gishiri. Bayan wata 12, sauƙin da suka samu kusan ɗaya ne.

In an ƙi bin doka

A 2018 hukuma ta rufe wani gidan gyaran fuska a jihar New Mexico ta Amurka. Suna aikin PRP ba da izini ba. An tarar da kwalaben jini babu suna, da allurai a buɗe. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce alamu sun nuna mata 3 sun ɗauki cutar sida a wurin.

Ga dokokin da ke tsare mutum:

- Ma'aikacin lafiya mai izini kaɗai ke taɓa jini.
- Allura sabuwa, a buɗe ta gaban mai shi, a yi aiki da ita sau ɗaya.
- A rubuta sunan mai jini a jikin kwalba.
- A PRP, jinin mutum gare shi kaɗai yake komawa.

A nan ƙasarmu

Aikin jini da aka fi sani a Malbaza, Ƙonni da Illela shi ne ƙarin jini. Mace mai zubar jini wajen haihuwa tana bukatarsa. Haka yaron da zazzaɓin damina ya shanye wa jini. Ana yin sa a manyan gidajen likita, kamar asibitin Galmi da aka buɗe a 1950. A Yamai akwai cibiyar ƙasa mai kula da ƙarin jini, wato CNTS.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a auna kowane jini kafin a ƙara wa wani. Ana neman cuta huɗu: sida, ciwon hanta iri B, ciwon hanta iri C, da tunjere. Ana kuma duba irin jinin: A, B, AB ko O.

Mai allura a kasuwa ba ya auna kome. Askar wanzami ko ƙaho da ya taɓa jinin wani yana iya ɗauko cuta. Kowa ya nemi sabuwar reza. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Kashi nawa ne cikin jini?
2. Wace cuta ake nema kafin ƙarin jini?
3. Don me ba a allura ɗaya ga mutum biyu?