Idan Uwa Tana Fama da Ciwon Damuwa

Uwar da ciwon damuwa ya kama takan tashi da safe jiki a mace, ga yara na jiran koko, ga shirin makaranta. Ƙaramin kuka sai ya sa ta daka tsawa, daga baya ta shige ɗaki tana zargin kanta. Yara kuwa suna lura da komai. Ɗan shekara bakwai da ya koma fitsarin kwance, ko yarinyar da ta bar wasa ta koma gadin mahaifiyarta, nauyi ne suka ɗauka wanda ya fi ƙarfinsu.

'Yar'uwa, kada ki ajiye magani don kin ji sauƙi kwana biyu, ko don wata ta ce yana bin nono. Tambayi likita tukuna. Ki haɗa addu'a da magani. Ki kuma gaya wa ɗanki gaskiya daidai hankalinsa: "Umma ba ta da lafiya, ana yi mata magani, ba laifinka ba ne." Yaron da ba a yi wa bayani ba yakan ɗora wa kansa laifin, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Uba mai irin wannan larura ma ya bi wannan shawara.

Maigida da dangi, ku karɓi yaran ko da yini ɗaya a mako ta samu barci. Akwai asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Ku raka ta, kada ku jira abin ya tsananta.