Gansakukar Barewa a Kundin Gidajen Tarihi

A ƙasashen da ke can ƙuryar arewacin duniya, irin su Suwidin da Norwe da Kanada, akwai wani tsiro mai launin toka wanda masana ke kira Cladonia rangiferina. Hausa ba ta ware masa suna ba. Kalmar da ta fi kusa da shi ita ce gansakuka, ko da yake Bahaushe da ita yake kiran koren nan da ke kan ruwa. Za a kira shi gansakukar barewa a nan, domin shi ne abincin barewar ƙanƙara da hunturu.

A haƙiƙa halittu biyu ne suka haɗu a jiki ɗaya: wata irin funfuna, da wasu ƙwayoyin kore masu sarrafa abinci daga hasken rana. Ba shi da saiwa. Daga iska da ruwan sama yake sha, kuma girmansa a shekara bai wuce 'yan milimita ba.

Masanin nan ɗan Suwidin, Linnaeus, ya zagaya yankin Lafland a 1732, ya kuma raɗa wa tsiron suna Lichen rangiferinus a 1753, kafin a mayar da shi cikin dangin Cladonia. Bayan mutuwarsa wani Bature, James Edward Smith, ya sayi tarin tsirransa, suna nan a Landan. Sai dai da yawa daga cikin takardun da ya manna tsirran ba su ɗauke da komai sai suna da lamba. Wannan naƙasu ne babba, domin samfurin da ba a san inda aka tsinko shi da ranar ba, tamkar ruwaya ce marar isnadi. Shi ya sa a yau kowane samfuri ake rubuta masa sunan mai tsinkowa, da wuri, da kwanan wata, da irin ƙasar da ya tsiro a kai.

Amfanin wannan ƙa'ida ya fito fili ne saboda tsiron yana riƙe abin da ya sauko masa daga sama. Da tashar nukiliya ta Canobil ta fashe a 1986, gansakukar ta zuƙe sinadarin siziyom mai guba, bareyi suka ci, har aka hana sayar da naman dubban dabbobin makiyayan Sami a Suwidin da Norwe. Busasshen samfurin da ke da kwanan wata kuwa, ana iya auna dalmar da ke jikinsa a kwatanta da na yau, a san yadda iskar wurin ta sauya.