Tsatsar Alkama

Manoma, ga ɗari ya kama, alkama ta yi kore a lambunan Kano da gonakin Kura da Kadawa. To, sai a yi hattara da tsatsa.

Alamarta ɗigo-ɗigo ne jajaye a ganye ko kara. In ka shafa farin ƙyalle ka ga jan gari kamar na tsohon ƙarfe, ita ce. Garin nan shi ne irinta, iska ke yawo da shi. Wata muguwar tsatsa da ta ɓulla a Yuganda cikin 1998, kafin 2006 ta ƙare har ta kai Yaman. Amma irin ba ya tsira sai ganye ya kwana a jiƙe.

In ta kama, sai ta tsotse abincin zangarniya, ƙwaya ta motse, ba nauyi. Ma'auni a Kurmi ya raina ta, mai gurasa ta ƙi saye.

Saboda haka ka yi shuka tun tsakiyar Nuwamba, gama ta fi cin alkamar da ta makara. Ban ruwa kuwa ta gindi, da safe. Bayan girbi ka tuge gyauro, don a kan ɗanyen tsiro take rayuwa. Ka nemi iri mai jure mata wurin malamin gona. Rigakafi ya fi magani.